Cacar Ƙananan Kuɗi Da Lissafin Da Ke Bayanta

Kowace shekara, da zarar an kai amfanin gona gida, an jera dammunan gero da dawa a rumbu, an sheƙe wake da gyaɗa, sai kuɗi su ɗan zaga hannun samari a Kurya Madaro da sauran garuruwan ƙasar Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi. A wannan lokaci ne a ke biyan bashin damina, a ke kai kuɗin aure, a ke sayen ɗan akuya ko tunkiya a ɗaure sabo da gaba. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda a shekarar 1929, ya riƙa kwasar gyaɗa da auduga zuwa kudu, wannan yanki ya saba da kuɗin kaka, duk inda kuɗin kaka su ka taru kuwa, ɗan caca ba ya nisa da wurin. Dattawa sun san shi, sun san tabarmarsa da fitilarsa da kartarsa da ta sha miƙi, sun kuma san irin kukan da a kan yi a gidaje bayan ya naɗe ya tafi.

Abin da ya sake a yanzu shi ne tabarmar ta koma cikin wayar hannu. Ƙarancin takardun kuɗi da a ka sha a farkon 2023, lokacin canjin Naira, ya tilasta wa mutane da yawa, har da na ƙauye, su buɗe asusu a waya, su koyi tura kuɗi da karɓa. Wannan ci gaba ne, ba mai musu. Amma ƙofar da kuɗin ciniki ke shiga, ta nan kuɗin caca ke fita, ba tare da kowa ya gani ba. Mafi yawan cacar waya a Nijeriya ta ƙwallon ƙafa ce, amma akwai ta karta, kuma dukkansu suna tafe da wata hujja guda wadda ke shiga kunnen yaro mai ɗan ilmi: wai wannan wasan gwaninta ne, wai wanda ya iya lissafi ba ya faɗuwa, wai kuma tun da da kuɗi kaɗan a ke zubawa, ba wata asara. Ba wasan da a ka fi jingina wa wannan hujja kamar wanda Turawa ke kira foka. Sabo da haka ya kamata a buɗe cikinsa a duba, a ji abin da gwanayensa da kansu su ke koyarwa, domin a cikin koyarwar tasu ne amsar hujjar ta ke.

YADDA WASAN YA KE

Foka ta taso ne a Amurka, a wajejen birnin New Orleans da jiragen ruwan kogin Misisifi, a farkon ƙarni na 19. Irin wadda ta fi yaɗuwa a duniya a yau ana yin ta da karta 52. A kan ba kowane ɗan wasa karta biyu a rufe, ba mai ganinsu sai shi. Daga nan a buɗe karta biyar a tsakiya, na kowa da kowa, a mataki uku: uku a tashi ɗaya, sa'an nan ɗaya, sa'an nan ta ƙarshe. Kafin kowane mataki da bayansa ana zuba kuɗi a tsakiya. Idan layi ya zo kan mutum, in ba wanda ya riga ya zuba, yana iya zubawa ko ya ce ya wuce. In kuwa an riga an zuba, to ko ya bi da daidai abin da a ka zuba, ko ya ƙara a kai, ko ya ajiye kartarsa ya haƙura da abin da ya riga ya sa. A ƙarshe wanda haɗin kartarsa biyar ya fi ƙarfi shi ke kwashe tulin, sai fa in kowa ya ajiye ya bar mutum ɗaya, to wannan ya ci ko da ba ya riƙe da kome.

Karta biyun da a ke ba mutum suna iya zuwa ta hanya 1,326 daban daban. Watau ɗan wasa ba ya taɓa sanin abin da abokin karawarsa ya riƙe, sai dai ya yi ƙiyasi daga yadda ya ga yana zubi. A nan ne maganar mazauni ta shigo, wadda gwanayen wasan su ka ɗauka ita ce ginshiƙi. Layin magana yana zagayawa ne bi da bi, sabo da haka dole wani ya fara, wani ya zama na ƙarshe. Na ƙarshe ya ga abin da kowa ya yi kafin ya taɓa aljihunsa. Na farko kuwa yana magana ne cikin duhu. In ya zuba, ya tona cewa yana da wani abu. In ya wuce, ya tona cewa yana shakka. Ko ta ina ya bi ya ba da labarin kansa, bai karɓi na kowa ba.

Bahaushen da ya taɓa shiga kara a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Mai saniya ba ya gaggawar faɗin kuɗinta, sai ya ce a taya. Mai saye ya taya, a ce masa albarka, ya ƙara, a sake cewa albarka, har a kai inda za a sallama. Duk wannan ja-in-ja a kan abu ɗaya a ke yinsa, watau kowa na so ɗan'uwansa ya fara tona abin da ke ransa. Dillali ma da wannan ya ke cin abinci, don shi kaɗai ya san iyakar mai saye da iyakar mai sayarwa. Manomin da bashi ya kore shi zuwa kasuwa da kaka kuwa, wanda kowa ya san dole ya sayar yau, shi ne mai mummunan mazauni, don fuskarsa ta riga ta yi tayi kafin bakinsa.

To, me gwanayen foka su ke koya wa wanda layi ya fara faɗawa kansa, alhali yana riƙe da karta mai ɗan ƙarfi, kamar a ce sarki ɗaya a hannunsa ga wani sarkin a tsakiya? Zuciya ta kan ce masa ya wuce, ya ga abin da na bayansa zai yi. Su kuwa sun ce wannan ita ce hanyar asara biyu. In na bayan kartarsa ba ta kai ba, shi ma sai ya wuce, a buɗe a banza, mai sarki ya ci tulin da ke nan amma ya rasa abin da zai ƙara samu. In kuwa na bayan ya fi shi ƙarfi, sai ya zuba mai yawa, mai sarki ya rasa yadda zai yi, sau da yawa ya bi ya faɗi. Ke nan ranar da ya fi ƙarfi ya ci kaɗan, ranar da a ka fi shi ya biya da yawa. Maganin wannan, a cewarsu, shi ne ya zuba da kansa, ya yanke farashin da hannunsa, ya kuma auna shi daidai yadda mai karta mara ƙarfi zai ji ba zai iya haƙura ba. Wannan shi a ke nufi da zubin neman riba, kuma ya sha bamban da burga, wadda a ke yi da hannu wofi don a tsorata mai ƙarfi ya ajiye.

Ƙa'idar da su ka kafa mai sauƙi ce. A zagayen ƙarshe, zubi yana da riba ne idan fiye da rabin lokutan da a ka bi mutum, shi ne mai rinjaye. Alal misali, a ce akwai Naira 3,000 a tsakiya, mai sarki ya zuba Naira 2,000. A ce cikin sau goma da a ka bi shi, sau shida mai bin ya gaza shi, sau huɗu ya fi shi. Ya ci 12,000 ke nan, ya ba da 8,000, saura ribar 4,000, watau Naira 400 a kowane zubi. Shi kuma mai bin, lissafinsa daban ne. Zai sa 2,000 don ya ci 5,000, sabo da haka in har ba zai yi nasara sau biyu cikin bakwai ba, bin nan asara ce tun kafin a buɗe karta. Ɗan wasan da ya san wannan ya kan ajiye ba tare da jin kunya ba. Wanda bai sani ba ya kan ce bari dai ya gani.

Wannan "bari dai in gani" ita ce gonar da gwani ke nomawa, kuma ba inda ta fi yabanya kamar teburin ƙananan kuɗi. Shawarar da a ke ba mai son cin riba a irin wannan teburi ba ta ɓoye kome ba. An ce masa mutanen wurin ba sa son ajiye karta, sabo da haka kada ya ɓata kuɗinsa wajen burga, don ba a tsorata wanda bai san haɗari ba. An ce masa ya riƙa zubi da duk kartar da ta ɗan ɗara matsakaiciya, ya kuma ƙara nauyin zubin, rabin tuli ko kashi biyu cikin uku ko ma fiye, tun da za su bi ko nawa ne. An ce masa kuma in ɗayansu ya ɗaga murya ya ƙara a kan zubinsa, to ya ajiye nan take, don irin waɗannan mutane ba sa ƙari sai sun riƙe abin gaske. Ya zuba, in an bi shi ya ci, in an ƙara ya janye. Iyakar dabarar ke nan, sauran duk rassa ne.

WA KE BIYA?

Dole a yarda cewa lissafin nan daidai ya ke, kuma akwai gwaninta a ciki. Masana lissafi manya sun yi nazarin wasan, ciki har da John von Neumann, wanda littafin da ya rubuta tare da Oskar Morgenstern a 1944 ya kafa wani reshe na ilmin tattalin arziki, kuma foka na cikin misalan da su ka yi aiki da su. Wanda ya ce wa yaro mai wayo wasan nan sa'a ce tsagwaronta, yaron zai gane ba a san abin ba, daga nan kuma ba zai sake sauraron nasiha ba. Amma sai mai karatu ya sake duba shawarar da ke sama, ya tambayi kansa, daga ina Naira 400 ɗin nan ta ke fitowa? Ba a shuka ta ba, ba a saƙa ta ba, ba a ɗauko ta daga wata kasuwa an kai wata ba. Daga aljihun wanda bai iya ajiye karta ba ta fito. Dabarar gaba ɗayanta an gina ta ne a kan samun mutumin da ya fi ka rauni, ka gano rauninsa, ka auna masa farashin da zai iya haɗiyewa, ka yi ta maimaitawa har ya tashi a tutar babu. A nan ne misalin kasuwa ya rabu da na caca. A kara, bayan an sallama, ɗaya ya tafi da saniya, ɗaya ya tafi da kuɗi, dillali ya karɓi la'adarsa, kowa ya koma gida da abin nunawa. A tabarmar caca ba abin da ya canja hannu sai kuɗi, kuma gefe ɗaya su ka nufa.

A babban birni mai rauni baƙo ne, ba a san gidansu ba. A gari kamar Kurya Madaro kuwa ɗan maƙwabci ne, ko ƙanen matar wa, ko yaron da a ka yi gayya tare da shi a gonar surukai. Kuɗin da a ka karɓe masa an san na mene ne, na buhun waken da ya sayar ne, ko na taki da a ka ba shi ajiya. Ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida, waɗanda su ka haɗa caca da giya a hani guda, sun ambaci gaba da ƙiyayya a matsayin abin da su ke haifarwa, kuma duk mai unguwar da ya taɓa zama sulhu a kan bashin caca ya san yadda wannan gaba ke daɗewa tsakanin gidaje biyu bayan kuɗin sun daɗe da ƙarewa.

Sa'an nan ga wani hannu na uku da ba a cika lura da shi ba, wanda ba ya riƙe karta, ba ya kuma faɗuwa. Mai gidan caca, ko na tabarma ne ko na waya, yana cire kamashonsa daga kowane tuli, galibi wajen kashi 5 cikin 100, tare da wata iyaka da ba ya wucewa. Wannan iyaka manyan 'yan wasa ta ke taimako, don tulinsu ya kan zarce ta. A teburin ƙananan kuɗi ba a cika kai ta ba, sabo da haka talaka ne ke biyan kamasho cikakke. A ƙaddara samari shida sun zauna, kowa da Naira 10,000, jimla 60,000. A ce tulin kowane zagaye 2,000 ne, kamasho 100. A ce ana zagaye 30 a awa ɗaya, wanda shi ne kimanin abin da a kan yi in da hannu a ke raba karta. Awa ɗaya 3,000 ke nan, awa biyar 15,000. Dare ɗaya mai gida ya ɗauke rubu'in duk abin da su ka zo da shi. Dare huɗu irin wannan, ya cire daidai da abin da su shida su ka fara kawowa, ko wane ne gwani a cikinsu. A waya kuwa, inda na'ura ke raba karta, zagayen ya kan ninka haka sau biyu ko fiye. Gwani ba ya tsira sai ribarsa ta ɗara kamasho, sabo da haka a teburi mai mutum shida ba abin mamaki ba ne a wayi gari biyar sun faɗi, ɗaya ya tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Ko shi gwanin ma sa'a ba ta sake shi ba. Wanda ke cin shida cikin goma, yana iya faɗuwa sau huɗu a jere, kuma bisa lissafi wannan na faruwa kusan sau ɗaya cikin 40. Ga mai zagaye ɗaruruwa a mako, abin yau da gobe ne. Don haka ne masu koyar da wasan su ke cewa kada mutum ya zauna sai yana da ajiyar da ta kai kuɗin zama 20 ko 30, wadda ba ta abinci ba ce, ba ta haya ba ce. Ga teburin Naira 10,000, ajiyar ta kama 200,000 zuwa 300,000, watau albashin wata uku zuwa huɗu bisa mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da a ka sa wa hannu a 2024. Saurayin da ke da irin wannan rara ya ajiye don wasa kawai, ba a ƙauye ya ke ba. Na ƙauye da jarinsa ya ke zama, jarin da in ya tafi sai wata kakar. Mai wasa da kuɗin da ba zai iya rasawa ba kuwa ba ya iya ajiye karta a lokacin da ya kamata, don idonsa na kan abin da ya riga ya zuba. Garin neman gira ya ke rasa ido, kuma shi ne ainihin mutumin da a ka rubuta dabarar domin a ci.

Labarin da a ke yaudarar samari da shi a duniya sananne ne. Gasar foka ta duniya, wadda a ka fara a birnin Las Vegas a 1970, ta daɗe tana hannun 'yan tsirarun ƙwararru. A 2003 wani akanta daga jihar Tennessee mai suna Chris Moneymaker ya sami shiga gasar ta hanyar wasan intanet na 'yan daloli, ya kuma cinye dala miliyan biyu da rabi. A shekarar mutum 839 ne su ka shiga babbar gasar. Zuwa 2006 sun kai 8,773. Dubban nan da su ka kwararo, da miliyoyin da su ka buɗe asusu a gidajensu, su ne su ka ciyar da ƙwararru da kamfanoni shekara da shekaru. Ranar 15 ga Afrilu 2011 hukumomin Amurka su ka rufe manyan kamfanonin foka na intanet a ƙasar, daga baya kuma masu gabatar da ƙara su ka ce ɗaya daga ciki, Full Tilt Poker, ana bin sa bashin wajen dala miliyan 390 na 'yan wasa, alhali abin da ke asusunsa bai wuce miliyan 60 ba. In haka ta faru a ƙasar da ke da kotuna masu dogon hannu, ina ga ɗan Zurmi da ya tura kuɗinsa ga kamfanin da bai san ko a wace nahiya ya ke ba? Bugu da ƙari, a 2017 wata na'ura mai suna Libratus, ta Jami'ar Carnegie Mellon, ta lallasa ƙwararru huɗu a zagaye 120,000, a 2019 kuma wata mai suna Pluribus ta yi haka a teburin mutum shida. Mai wasa a waya ba shi da tabbacin cewa wanda ke zaune bayansa a layi mutum ne.

Bahaushe ba baƙon wasan ƙwaƙwalwa ba ne. Dara tana nan, gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, dattawa na yin ta a inuwa tun kaka da kakanni, ana kuma sanin gwani a gari har a yi tattaki a zo karawa da shi. A dara kome a fili ya ke, wanda a ka ci ya ga inda ya yi kuskure, gobe ya gyara. A karta ta kuɗi wanda a ka ci ba ya ganin kuskurensa, sai ya ce sa'a ce ba ta zo ba, don wani lokaci ya kan yi wauta ya ci, ya yi daidai ya faɗi. Wannan ruɗani ne ke mai da shi gobe.

INA DOKA TA TSAYA?

Ba a rasa doka ba. Kundin Final Kod na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya hana buɗe gidan caca. Jihar Zamfara, wadda a ka cire daga Sakkwato a 1996, ita ce ta fara ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999 a zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, dokokin su ka fara aiki a Janairun 2000, caca kuwa na cikin abubuwan da a ka haramta. Sai dai waɗannan dokoki an tsara su ne da tunanin ɗaki da tabarma da mutanen da za a iya kamawa a zaune. Shekaru da yawa kuma kamfanonin caca suna fakewa da lasisin Gwamnatin Tarayya a ƙarƙashin dokar 2005 ta wasannin sa'a. Wannan mafaka ta rushe a watan Nuwamba 2024, sa'ad da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da Jihar Legas ta jagoranta, cewa sha'anin caca da wasannin sa'a hurumin jihohi ne, dokar tarayya ba ta wuce Abuja ba. Wata guda kafin wannan, Hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama a birnin.

Ma'anar hukuncin ita ce Majalisar Dokoki ta Gusau ba ta da sauran wanda za ta ɗora wa laifi. Nauyin yana wuyanta, na ta sake duba dokar jiha ta yadda za ta kai ga wakilin kamfani da ke karɓar kuɗi a bayan shagon cajin waya, da mai tallar caca, da hanyoyin da kuɗin ke bi. Kama yara biyar a gindin bishiya a kai su gaban alƙali yana da sauƙi, yana kuma da daɗin bugawa a jarida, amma su ne waɗanda a ka riga a ka cinye. Mai kamasho, wanda lissafin da ke sama ya nuna shi kaɗai ne ba ya faɗuwa, shi ya kamata doka ta fi nema. Toshe waya kuma ba magani ba ne. Mutanen wannan yanki sun ɗanɗana hakan a watan Satumba 2021, lokacin da a ka katse layukan sadarwa a jihar, a ka kuma rufe kasuwannin mako sabo da yaƙi da 'yan bindiga, sun kuma san abin da ya jawo wa ɗan kasuwa da mai haƙuri a asibiti da mai ɗa a nesa.

Akwai wani aiki da ba ya bukatar ko kwabo daga baitulmali. Wa'azi ya daɗe yana faɗa wa samari cewa caca haramun ce, sun kuma sani. Abin da ba a faɗa musu ba shi ne yadda a ke cin su, lamba bayan lamba. Malamin lissafi a makarantar sakandare, ko ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, wadda ke nan tun 1983, yana iya ɗaukar alli ya nuna wa aji lissafin samari shida da kamashon Naira 100 cikin minti goma. Wasu za su ce wannan koya wa yara caca ne. Amma yaron da ke da waya ya riga ya ji rabin labarin daga bakin mai talla, rabin da ke cewa gwani na ci. Rabin da ya rage, na cewa a kan wa gwani ke ci, da nawa mai gida ke cirewa, da irin ajiyar da a ke bukata kafin a zauna, ba mai talla da zai faɗa masa.

Daga ƙarshen kaka zuwa faɗuwar ruwa wata shida ne ko fiye. A da samarin wannan yanki su kan cika su da noman rani a fadamun gulbin Gagare, ko fatauci tsakanin kasuwanni, ko tafiya cin rani. Rashin tsaro ya taƙaita duk ukun, gonaki da yawa na nesa da gari sun gagara zuwa, hanyar Kaura zuwa Shinkafi da ta Zurmi kuma ba a bin su da kwanciyar rai. Saurayin da ya sayar da buhu biyu na wake, ba shi da fadamar da zai sa kuɗin, ba shi da hanyar da zai bi ya juya su, yana zaune ne da kuɗi a waya da yini mai tsawo a gabansa. Hakimai da dagatai da shugabannin ƙananan hukumomin uku sun fi kowa sanin yawan irin waɗannan samari a kowace unguwa, kuma injin ban ruwa da irin albasa da rakiyar jami'an tsaro zuwa fadama na cikin abin da za su iya nema daga Gusau tun kafin a fara girbi.